Matatar soso ta tankin kifin ado: abin da na gani a wata huɗu na amfani da ita

Matatar da zan yi magana a kanta ita ce mafi araha a cikin duk waɗanda na tarar a shagon masu sayar da kifin ado, kuma ita ce mai shagon ya fi yi wa kallon raini. Dunƙulen baƙin soso ne mai siffar gwangwanin madara, an soka masa bututun roba a tsakiya, an kuma yi masa gindi mai nauyi domin ya zauna daram a ƙasan tanki. Ba ta da inji a jikinta, sai an haɗa ta da ɗan famfon iska ta siririn tiyo. Kwalinta na ɗauke da rubutun Sinanci da ɗan Turanci, babu wani sunan kamfani da mutum zai riƙe, kuma ire-irenta sun cika kasuwa, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi wannan samfuri gaba ɗayansa. Na sa ta a tankin gilashi mai cin lita 60, yau wata huɗu ke nan.

Ba wannan ne tankina na farko ba, kuma labarin na farkon shi ne dalilin da ya sa na bi da wannan matata yadda na bi da ita. A wancan karon na sayi tanki da matata mai inji da kifaye goma duk a rana ɗaya, domin mai shagon ya ce mini, "Malam, ka zuba ruwa ya kwana, gobe ka saki kifinka." Na bi maganarsa. Ruwan ya yi garau kamar a sha, matatar tana ta aiki, amma kafin mako biyu kifayen suka fara taruwa a saman ruwa suna haki, suka daina cin abinci, sannan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har saura biyu. Na zargi abincin, na zargi ruwan, na zargi lafiyar kifayen tun daga shago, alhali abin da ya kashe su ba ya ganuwa da ido, kuma babu inda aka rubuta shi a jikin kwalin waccan matata, kamar yadda babu shi a jikin kwalin wannan.

Abin da ke faruwa shi ne, kifi yana fitar da sinadarin amoniya, mafi yawansa ta wajen da yake numfashi, kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma suna komawa amoniya. A kogi ko tafki yawan ruwa yana shanye wannan guba, amma a akwatin gilashi babu inda za ta je. Masu kiwon tarwada sun san wannan matsala ko da ba su kira ta da sunanta ba, shi ya sa suke yawan sauya ruwan kududdufansu. A tankin ado kuwa ana dogara ne da wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, ya fara warewa a shekarar 1890. Kashi na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne domin yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin. Kashi na biyu suna mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa, ana kuma rage shi ta hanyar sauya ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a manne da jikin abu inda ruwa mai iska ke wucewa, ba su cika yawo a cikin ruwa ba. Ashe ke nan soson da ke cikin matata gida ne aka gina musu, kuma ranar da aka fito da shi daga kwali babu kowa a cikin gidan. Su kuma ba su da saurin hayayyafa: wasu bakteriya na ninka yawansu cikin minti 20, waɗannan kuwa sai sun ɗauki sa'o'i da dama, wani lokaci kwana guda. Wannan jinkiri ne ya sa ake buƙatar makonni ana rainon matata a tankin da babu kifi, ana ciyar da ita amoniya da hannu, har ta iya ɗaukar nauyin abin da kifi zai fitar.

Haɗa matatar ba shi da wuya, bai kai minti goma ba. Iska na shiga ta tiyo ta hau cikin bututun tsakiya, tana hawa tana jan ruwa zuwa sama, shi kuma ruwan tanki yana ratsa soson domin ya maye gurbin wanda ya fita. Sabon soso cike yake da iska, sai da na matse shi sau da yawa a ƙarƙashin ruwa kafin ya yarda ya nutse. Babban aibin da na gani tun ranar farko shi ne ba a saka bawul mai hana ruwa komawa baya a cikin kwalin ba, ba a kuma ambaci buƙatarsa ba. Na ajiye famfon iskar a ƙasan teburin tanki, da aka ɗauke wuta a dare na uku sai ruwa ya biyo tiyo ya gangaro cikin famfon, na wayi gari da jiƙaƙƙen kafet da famfon da ya sha ruwa. Da a ce soket ɗin yana kusa, da abin ya wuce asarar famfo. Bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne mai arha ƙwarai, kuma wanda bai samu ba sai ya ɗora famfon a wurin da ya fi saman ruwan tanki tsayi. Ina ganin rashin adalci ne a sayar wa sabon shiga wannan kaya ba tare da shi ba, musamman a ƙasar da ɗauke wuta ya zama ruwan dare.

Abu na biyu da kwalin bai faɗa ba shi ne ba za a iya rainon matata da ka ba, dole sai da kayan gwajin ruwa. Na yi amfani da API Freshwater Master Test Kit, wanda kuɗinsa ya ninka na matatar da famfonta, amma in ba don shi ba da ban san abin da nake ciki ba. Ana ɗibar ruwa mililita 5 a ɗan kwalba. Gwajin amoniya ɗigo 8 ne daga kowace kwalba cikin biyu, na naitirait ɗigo 5, na naitiret kuma ɗigo 10 daga kowace kwalba, sai dai kwalba ta biyu ta naitiret tana buƙatar a girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, sannan a girgiza haɗin na minti guda, in ba haka ba sakamakon zai nuna ƙasa da gaskiya. A jira minti 5, a kwatanta launi da katin da ke ciki. Na lura karatun ya fi inganci a hasken rana, a bakin taga, fiye da ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Da farko na ciyar da tankin da ɗan abincin kifi kullum domin ya ruɓe ya ba da amoniya. Hanyar tana aiki, amma ba na ba da shawarar ta ga wanda ke da zaɓi, domin abincin ya yi furfura a ƙasan tanki, ruwan ya koma kamar na wankin shinkafa, kuma ba na iya sanin yawan amoniyar da nake samarwa. Bayan kwana huɗu na zuƙe ragowar, na nemo garin amoniyam kulorayid wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje na makarantu. Ƙasa da rabin giram ya isa ya kai ruwan lita 60 zuwa miligiram 2 na amoniya a kowace lita, wanda shi ne adadin da na riƙe har ƙarshe. Wasu na zuba ninkin wannan suna ganin zai gaggauta aiki, amma yawan amoniya yana jawo tarin naitirait da zai daɗe bai sauka ba, kuma tankin da za a zuba wa ƙananan kifaye 'yan kaɗan ba ya buƙatar hakan.

Kwana tara na farko babu abin da ya motsa. Kwalbar amoniya kore shar, kwalbar naitirait shuɗiya kamar yadda take a ruwa mai tsabta, har na fara zargin ko soson ne ba shi da kyau. Laifin na sanyi ne. Na fara aikin ne a tsakiyar hunturu, kuma da na sa ma'aunin zafi da asuba sai na ga ruwan yana wajen digiri 21 a ma'aunin Selshiyas, alhali waɗannan ƙwayoyi sun fi hayayyafa tsakanin digiri 25 zuwa 30. Na sa hita na tsayar da ita a digiri 28, kuma a rana ta 12 kwalbar naitirait ta fara juyawa zuwa launin shunayya mai duhu. Wanda zai yi wannan aiki a lokacin bazara ba ya buƙatar hita ko kaɗan, zafin ɗakinsa ya wadatar.

Matakin naitirait shi ne ya fi tsawo kuma ya fi gwada haƙuri. Kowane miligiram ɗaya na amoniya yana komawa kusan miligiram 2.7 na naitirait, katin gwajin kuma ya tsaya ne a 5, saboda haka da zarar kashi na farko na ƙwayoyin sun kama aiki, kwalbar tana yin duhu iya duhu ta tsaya a nan kwana da kwanaki, mutum bai san ko adadin yana hawa ne ko yana sauka ba. Dabarar da ta taimake ni ita ce gauraya kashi ɗaya na ruwan tanki da kashi huɗu na ruwa mai tsabta kafin gwaji, sai in ninka abin da na karanta sau biyar. A wannan lokaci na rage ciyarwa zuwa sau ɗaya a kwana biyu ko uku.

A mako na huɗu kuma sai komai ya tsaya cak, har amoniyar da a da take ɓacewa cikin kwana guda ta daina sauka. Gwajin pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya nuna ruwan ya sauka zuwa 6, wato ya yi tsami. Wannan aiki na bakteriya yana cinye sinadarin kabonet da ke tsare ruwa daga yin tsami, kimanin miligiram 7 a kan kowane miligiram ɗaya na naitirojin ɗin da ke cikin amoniyar da aka sarrafa, ruwan burtsatsen gidanmu kuwa tun asali ba shi da shi da yawa. In pH ya faɗi zuwa wajen 6, ƙwayoyin suna rage aiki ƙwarai. Na sauya rabin ruwan, na narka rabin ƙaramin cokali na bekin soda irin na masu yin kek na zuba, cikin kwana biyu aiki ya dawo. Wani abokina ya ce ai da kanwa na jefa, tunda ita ma tana kashe tsami. Gaskiya ne tana kashewa, amma ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, tana kuma iya cilla pH sama fiye da kima, ga shi amoniya ta fi zama guba a ruwan da pH ɗinsa ya hau: a digiri 25, kashin amoniya mai cutarwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba a pH 7, amma ya haura biyar cikin ɗari a pH 8. Ban gwada kanwa ba, ba kuma zan gwada ba.

A rana ta 38 na zuba amoniya da safe, washegari da safe kwalbar amoniya ta fito rawaya, ta naitirait ta fito shuɗiya, wato duka biyun sun koma sifili cikin sa'o'i 24, kwalbar naitiret kuwa ta yi ja. Na maimaita gwajin kwana uku a jere kafin in yarda. Daga nan na sauya kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan domin rage naitiret, sannan na kawo ƙananan kifayen gofi guda shida. Sauran na ƙara su ne bayan mako biyu, domin yawan ƙwayoyin yana bin yawan abincin da suke samu ne, ba a ɗora musu kaya gaba ɗaya. Daga ranar zuwa yau ban rasa kifi ko ɗaya ba.

Inda wannan matata ta fi burge ni shi ne lokacin ɗauke wuta, kuma a nan ne nake ganin ta fi waɗanda suka ninka ta tsada dacewa da halin da muke ciki. Ƙwayoyin da ke cikinta suna buƙatar oksijin sosai, fiye da miligiram 4 a kan kowane miligiram na naitirojin. Matatar da ke rufe a cikin gwangwani a wajen tanki, in inji ya tsaya, ɗan ruwan da ke cikinta yana ƙarewa da iska cikin 'yan sa'o'i, kuma in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, abin da za ta fara turowa cikin tanki gurɓataccen ruwa ne. Soso kuwa a tsakiyar ruwan tanki yake zaune, a buɗe ta kowane gefe. Bugu da ƙari, tunda iska kawai take buƙata, na sayi ɗan famfo mai aiki da igiyar cajin waya, ina jona shi da fawa banki, yana kuma kwana yana aiki. An taɓa ɗauke mana wuta yini guda cur ba na gida, babu wanda ya jona ƙaramin famfon, amma da na yi gwaji washegari amoniya da naitirait duk suna sifili. Ban ce a mayar da hakan al'ada ba, musamman a tankin da ya cika da kifi ko a lokacin zafi, lokacin da ruwa ke riƙe oksijin kaɗan.

Aibobinta ma ba ɓoyayyu ba ne. Ba ta da kyan gani, baƙin dunƙule ne da ya cinye kusurwa guda ta tanki, sai da na ɓoye ta a bayan tsirrai da dutse. Famfon iskar yana da ƙugi mai damun mai barci a ɗaki ɗaya da shi, ko da yake ɗora shi a kan tsumma mai kauri ya rage. Kumfar da ke fashewa a saman ruwa tana fantsala wa murfi da fitila, tana barin farin tabo. Ba ta kama ƙurar da ta yi laushi sosai, saboda haka a kwanakin da hazo ya yi yawa ruwan bai kai na matata mai auduga sheƙi ba, kuma babu wurin saka gawayin tace ruwa ga mai buƙatar cire magani bayan jinyar kifi. Ƙarfin jan ruwanta ma kaɗan ne, ba ya tsince kashi daga ƙasan tanki, dole a riƙa zuƙewa da tiyo lokacin sauya ruwa. Ga mai son manyan kifaye masu yawan ci da kashi, irin su kifin zinare ko karfasa, wannan girman shi kaɗai ba zai isa ba, kuma ban yarda da adadin litar da aka buga a jikin kwalin ba, na ɗauki rabinsa ne a matsayin gaskiya. Amma ga ƙananan kifaye da 'ya'yansu, wannan laushin jan ruwa alheri ne, domin ba ya tsotse jarirai. Gofina sun haihu a wata na uku, kuma na riƙa ganin 'ya'yan suna tsintar abinci a jikin soson.

Mai shagon ya so ya haɗa ni da wata kwalbar bakteriya da ya ce tana sa a zuba kifi nan take. Ban saya ba, ba don ina ƙaryata irin wannan kaya gaba ɗaya ba. Binciken da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi, ƙwayar Nitrospira ce ke sarrafa naitirait, ba Nitrobacter da aka daɗe ana zato ba, kuma akwai kamfanonin da suka gina kayansu a kan wannan. Amma abu ne mai rai, ita kuwa kwalbar da aka nuna mini tana kan kanta a shagon kwano mai zafi, ta yi ƙura, babu kwanan wata a jikinta. Hanyar da na tabbatar da ita da idona ita ce ta ɗaukar iri daga tsohuwar matata, kamar yadda mai yin kindirmo ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara domin ta kama. Da wani ɗan'uwana ya kafa nasa tankin, na matse sosona a cikin ruwan tankinsa har ya yi launin ƙasa, kuma nasa rainon bai cika mako biyu ba. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata tankin da za a ɗauko irin daga cikinsa babu cuta, domin da mai amfani da mai cutarwa tare suke tafiya.

Kula da ita kuwa ya fi na duk matatar da na taɓa riƙewa sauƙi, in dai an kiyaye abu ɗaya. Ba a wanke soson da ruwan famfo, domin kulorin da ake zuba wa ruwan sha yana kashe ƙwayoyin da aka yi makonni ana raino, ba a kuma sa masa sabulu ko a shanya shi a rana. Duk bayan mako biyu ko uku, in na zuƙe ruwan tanki a bokiti, sai in ciro soson in matse shi sau huɗu ko biyar a cikin wannan ruwan, in mayar da shi tun yana jiƙe, da sauran launin ƙasarsa a jiki. Ranar da zan yi amfani da ruwan famfo wajen cika tanki, ina ɗiga masa maganin kawar da kulorin mai suna Seachem Prime tukuna, wanda mililita 5 nasa ke isar lita 200, saboda haka ƙaramar kwalba tana daɗewa. Barin ruwa ya kwana a buɗe yana rage kulorin, amma ba ya kawar da kuloramin, wato haɗin kulorin da amoniya, in da shi aka tace ruwan, shi ya sa na fi natsuwa da maganin.

Zan sake sayen wannan matata, har ma na riga na sake. Ga mai ƙaramin tanki da ƙananan kifaye a gidan da wuta ba ta tsayawa, ban ga wadda ta fi ta ba, matuƙar ya sa kuɗin bawul da kayan gwaji da ƙaramin famfon fawa banki a cikin lissafinsa tun farko, ya kuma yarda tankinsa ya yi mako biyar ko shida yana ɓulɓula babu kifi a ciki, duk da tambayar da yara da baƙi za su riƙa yi masa. Ta biyun da na saya tana nan a ɗaya kusurwar tankin, na raba mata iska daga famfo ɗaya, yau mako uku ke nan tana kama iri daga ta farkon, domin tankin lita 30 da nake shirin kafa wa 'ya'yan gofin idan sun ƙara girma.